Shaidun Bayan Zana

Kai mai hangen rabon wani, zauna ka ji yadda Namadi ya ƙare.

Shekarar da aka samu mulkin kai, Malam Sambo na Jabo yana ciwon ajali ya yi wasiyya gaban shaidu uku: fadamarsa, wadda ba ta kai sulusin dukiyarsa ba, ta Kulu ce, marainiyar da ya riƙa, mai aure a Dogon Daji. Ɗansa Namadi ya ciji yatsa, don wani attajirin Tambuwal ya riga ya taya fadamar.

Tun labari bai kai wa Kulu ba, la'ananne ya ɗebi ƙasar fadamar ya nausa dajin Kebbe, wurin boka Ɗangiwa. Rana tsaka ce, amma gindin tsamiyar nan ko tsuntsu ba ya kuka. Ga baƙar tukunya an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, busasshen jini ya yi mata ɓawo, ƙudaje sun yanyame ta.

"Mi kaka biɗa?" in ji boka.

"A rufe bakin duk wanda ya san wasiyyar ubana."

"Su nawa na?"

"Ukku."

"Ƙirga da kyau. Tukunyar ga ba ta san dangi ba."

"Na ce ukku! Aiki nika so, ba wa'azi ba."

Boka ya yi dariya, ya zuba ƙasar a tukunya, ya yanka baƙin bunsuru a kanta.

Kafin ranar rabon gado an binne shaidun nan ɗaya bayan ɗaya. Namadi ya sayar da fadama, ya shiga sayen auduga, ya yi soro, ya sayi doki. Kai, har maroƙa suka san ƙofarsa!

Amma wawan ya ƙirga maza ne kawai. Ya manta in namiji na wasiyya, matan gida na bayan zana sun kasa kunne. Uwarsa Marka ta faɗi tana alwala, ba ta shura ba. Matarsa Atu ta bi ta. 'Yarsa Zahara'u, wadda ta riƙe wa kakanta ƙwaryar ruwa ranar wasiyyar, harshenta ya karye, ta koma cin ƙasa.

Tsoro ya kama Namadi. Ya ruga gaban alƙali zai tona kansa, ko 'yarsa ta tsira. Ya buɗe baki, sai ƙasar fadama ta zubo. Ashe cikin masu sani bai ƙirga kansa ba.

Shekara tara yana yawo tsirara a kasuwar Tambuwal, bebe, ba mai ba shi abinci sai Kulu, wadda har ta mutu ba ta san tana da fadama ba.

To, ka ji. Haƙƙin maraya wuta ne, in ka kai shi gida da naka zai fara.