Kwaɗon Famfon Coci

Ranar Laraba cocin da ke tsakiyar gari kan koma asibiti. A ture bencina gefe, 'yan dako da direbobi da masu talla su yi layi a gwada musu hawan jini kyauta. A nan wani saurayi ya fara ganin sabuwar nas tana yi wa wani tsoho faɗa kan cin gishiri. Garin kallonta ya maka bencin da ya ɗauko a jikin ƙofa.

"Malam, zo in duba ka, idonka ba lafiya," ta ce.

"Zuciya ce, Sista."

"Ba layinta ba ne nan."

Barkono ake ce mata a wurin aiki, kuma ba a yi mata ƙage ba. Shi kuwa Mai Jita, don shi ke kaɗa wa mawaƙan coci. Kafin wata ya ƙare ya samu lambarta.

"Barkonona, tun safe nake atishawa. Ke ce kike tuna ni?"

"Mura ce. Ka sha ruwan ɗumi."

Sai wata Laraba ta ji ya kira dattijon da ke riƙe da makullan coci "Baba". Ashe ɗansa ne. Shekara goma sha biyar da suka wuce, da ruwa ya ɗauke a unguwa, mahaifiyarta mai wanki ta zo famfon harabar cocin. Dattijon nan ya ce ruwan na 'yan ikilisiya ne, ya kifar mata da jan bokitinta a gaban jama'a, ya sa wa famfon kwaɗo. Barkono tana da shekara tara, tana riƙe da zanin uwarta. Har yau cocin na ba da magani, yana koyar da ɗinki, yana raba burodi, amma ruwa sai da izinin Dattijo.

Ta ƙulla abinta a zuci. Za ta bar ɗan ya nutse a sonta, ya kawo uban har ɗakin Mama neman aure, sannan ta ce ba ta so. Su ma su ɗanɗana. Ni dai ban ga laifinta ba.

Matsalar ita ce yaron ba shi da halin ubansa ko kaɗan. Shi ke goya tsofaffi ya hau da su matakala, shi ke ajiye mata shayi idan layi ya yi tsawo. Tana jin haushin yadda take duba waya.

Dattijo da ya ji labari ya ce, "'Yar mai wanki? Ga 'ya'yan mutunci cike da coci." Cikin 'ya'yan mutuncin akwai wata mawaƙiya da ta daɗe tana yi wa Mai Jita fari da ido. Ita ta tsinci shirin Barkono a bakin wata nas, ta kai masa da zafinsa. Da yamma saƙon Mai Jita ya shigo wayar Barkono.

"An faɗa min komai. Na matsa wa Baba, gobe za mu zo duk da haka. Idan wulaƙanta mu zai sanyaya zuciyar Mama, ki yi. Ni dai ina sonki."

Ta karanta sau shida, ta yi kuka, ta ji haushin kukan.

Washegari suka zauna a ɗakin Mama, tsakanin tulin kayan guga. Barkono ta dubi Dattijo ido cikin ido.

"Baba, ka tuna jan bokitin nan?"

"Wane bokiti, 'yata?"

Bai ma tuna ba. Wannan ya fi kifar da ruwan ciwo. Kalmar da ta tanada tana bakinta, sai ta ga Mai Jita ya sunkuyar da kai yana jira.

"Ɗanka zan aura," ta ce. "Amma ba zan shiga cocin nan da farar riga ba sai ka cire kwaɗon famfo da hannunka, ka cika wa Mama bokiti, ka kai mata har bakin titi. Ranar Laraba, a gaban layi."

Dattijo ya tashi ya fita ko sallama babu. Mako uku yana kumburi, Fasto na zarya, ɗansa ya jingine jita ya daina kaɗawa. Laraba ta huɗu aka gan shi a gindin famfo, yana laluben makulli. Ya cika bokiti, ya ɗauka yana tangaɗi, ruwa na zuba a takalmansa. Barkono ta tsaya ta kalla har ƙarshe, ba ta kau da kai ba.

A bakin titi ya ce, "Ki yafe min, Mama."

"Na yafe. Ba ni kwaɗon."

An ɗaura aure a cocin, 'yan layin Laraba suka cika bencinan baya. Fasto ya sa albarka, Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya nagari, jama'a suka amsa da amin. Da suka fito, mata uku na jere da bokitai a gindin famfo, ba wanda ya tambaye su daga ina suke.

"Kin huce, Barkonona?" ango ya raɗa mata.

"Saura kaɗan," ta ce, ta ƙara riƙe hannunsa.