Sunana a Shafin Markus

Ina jiƙa kaba a bakin rijiya ƙawata Hulda ta shigo gidanmu ba sallama, kallabinta a hannu.

"Dinatu... ajiye kabar nan."

"Mi ya faru? Ya iso?"

Ta durƙusa ta riƙe ƙafafuna.

"Babbar motar albasan da Shadrak ya hau ta kife bayan Dogonduci. Ba a fidda shi da rai ba."

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ci gaba da danna kaba cikin ruwa, har Hulda ta janye hannuna da ƙarfi.

Damina ce, shekarar 1999. Ni masaƙiyar tabarma ce a ƙasar Madawa. Shadrak yana aiki a ɗakin magani na asibitin mishan, kuma shi zan aura. Babana bai so ba.

"Yaron ƙauyen Tabotaki, ba gona, ba dangi a majami'a," in ji shi. "Ga Markus ɗan goggonki a Yamai da shagon ordinater, mi kika gani ga wanga?"

Ordinater ita ce kwamfuta a wurinmu. Amma Baba bai tilasta ni ba. Da ya ga na kafe, ya bar mu.

Wata rana, tun kafin tafiyar nan tasa, Shadrak ya zo da gudu, yana haki.

"Dina tawa! Akwai wani abu, intarnet. Kamar kasuwa ce cikin ordinater. A gina miki shafi, a sa hoton tabarminki, mutum yana Faransa ya gani ya saya!"

"Kai dai da zumuɗi. Wa zai gina?"

"Mutum biyu. Ɗiyar likitanmu Bature ta ce za ta yi mana idan ta koma ƙasarsu, shafin ya zama naki ke kaɗai, amma sai baɗi. Markus kuma ya ce a watan nan, kyauta, cikin nashi shafin."

Na dube shi.

"Cikin nashi? Shadrak, ka taɓa ganin an kafa rumbu a gonar wani?"

"Haba tauraruwata, ɗan'uwanki ne fa. Ina son Baba ya ga na iya wani abu kafin a ɗaura mana aure."

Yadda ya faɗi maganar, yana kallon ƙasa, ya sa na yarda. Muka zaɓi Markus.

Markus ya zo da kyamara da takalmi mai ƙyalli. Ya ɗauki tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya miƙa wa Shadrak kyamarar.

"Angon gobe, ɗauke ni da ƙanwata mana, don tarihi."

Ya tsaya dab da ni har ina jin turarensa. Shadrak da hannunsa ya danna.

"Yaya Markus, in muna son canza wani abu a shafin fa?" na tambaya.

Ya yi murmushi.

"Sai ki zo wurina. Makullin yana hannuna."

Hulda ce ta fara ganin shafin, ta zo ta ba ni labari, don ita ke shara a ofishin asibiti inda ordinater take. Kafin azahar ma'aikata sun yi layi suna leƙe. Ga tabarmina, ga ni, ga Markus a gefena. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci: Madam Markus da maigidanta.

Ranar Lahadi fasto bai sanar da aurenmu ba. Ya kira mu bayan sujada.

"Ƴaƴana, duniya duka ta ga wannan rubutu. Ba zan sanar da aurenku ba sai an goge shi, ko Markus ya zo ya ƙaryata gaban jama'a."

Mata suna wucewa suna taɓa juna.

"Sannu Madam! Yaushe za a tafi Yamai?"

Baba ya daina cin tuwon da na tuƙa.

Shadrak ya same ni bayan gida, idanunsa jajur.

"Ni na kai ki. Ni zan fiddo ki."

"Kar ka tafi Yamai yanzu. Dubi hadarin nan... hanya ta lalace."

"In na zauna, sunan zai zauna."

"To ya zauna! Ni na san ko ta wa ce ni!"

Ya kama yatsuna da kaba ta yayyanka, ya daɗe yana kallo.

"Ke kin sani, Dina. Ina son kowa ya sani."

Ya tafi. Daga baya na ji daga bakin direban da ya tsira cewa ya kwana uku a ƙofar shagon Markus. Markus ya ce masa shafi nasa ne, ba mai shigar masa gida ya goge bango. Shadrak ya rasa kuɗin bas, ya hau saman buhunan da ba su sayu ba, yana cewa zai sake zuwa wurin Markus tare da fasto da kansa.

Bayan an share makoki Markus ya zo gaisuwa. Ya zauna kan tabarmata, ya sunkuyar da kai.

"Ƙanwata, abin da ya faru ya faru. Sunan nan... ai ana iya mayar da shi gaskiya."

Baba ne ya miƙe.

"Tashi daga kan tabarmar ɗiyata."

"Kawu..."

"Na ce tashi! Shadrak, yaron da na rena, ya fi ka."

Tun daga ranar Markus bai sake taka gidanmu ba. Ko ya goge shafin, ko yana nan, ban sani ba. Ban taɓa ganin shafin da idona ba, kuma ba na so.

Baba ya kwaɓa laka ya gina mini dakali a ƙofar gida, a filinmu, bakin hanyar Buza. Nan nake baza tabarmi. Mai so ya tsaya ya taya.

Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na iya rubuta kalma uku. Awaki suna goga jiki a bangon dakalin inda nake rubuta su, ruwa yana wankewa, yara suna shafawa. Shi ya sa kowace safiya, kafin in shimfiɗa tabarma ko ɗaya, nake ɗauko gawayi daga murhu in sake rubutawa: Dinatu ta Shadrak.