Ƙafar da Ta Iya Sujada

"Haba Baba maƙeri, yau ma saura kaɗan?" in ji Azumi. "Babana ya gaji da sanda!"

Saran maciji ne ya sa aka yanke wa babanta ƙafa. Ƙafar roba ta asibiti ta fi ƙarfinsu, shi ne maƙerin garin yake haɗa masa wata da tsohon bututu da robar taya.

Maƙeri ya ce, "Tana tafiya, 'yata, amma ba ta durƙusawa. Saura kaɗan."

Azumi ta ja tsaki. Maƙeri ya goga, ya lanƙwasa, ya ɗaura wa baban.

Baban ya miƙe, ya kalli gabas, ya durƙusa a hankali har goshinsa ya taɓa ƙasa. Rabonsa da sujada tun damina.

Azumi ta saki baki. Sai ta zabura, ta buga ƙofa garam, ta fice tana ƙwala wa Inna kira.