Rukunin Safe, Rukunin Yamma

A layin ofishin rajista suka fara haɗuwa, ranar da ake raba wa sababbin ɗalibai jadawalin darasi. Budurwar na duba nata idonta ya ciko. Kwamfuta ta jefa ta rukunin yamma, biyu zuwa shida, alhali ƙarfe biyu Baba ke tafiya aiki, kuma tun da ɓarin jikin Mama ya shanye ba a barin ta ita kaɗai. Sharaɗin Baba ɗaya ne: in karatu ya ci karo da jinya, karatu ne zai haƙura.

"Ba ni da ikon canzawa, 'yata," in ji matar da ke taga. "Sai dai ki samo ɗan rukunin safe ku yi musanya, ku sa hannu ku biyu."

To wa zai ba da safiya? Mutum goma sha ɗaya ta tambaya, kowa ya ƙanƙame takardarsa kamar za a ƙwace. Na goma sha biyun wani dogo ne mai tabarau ɗaure da salatef. Ya dubi takardarta, ya dube ta, kuma gaskiya kallo na biyun ya fi daɗewa.

"Dama barcin safe na damuna," ya ce. "Ke kika taimake ni."

Ya sa hannu. Abin dariyar, tunda musanya suka yi, ba su taɓa zama aji ɗaya ba har suka gama. Tana fita yana shiga. Minti goma kawai suke samu a bakin get, amma minti goma ya ishi mai rabo. Ya sa mata suna Hantsi, ta rama da Malam La'asar.

"Hantsina, na zauna a kujerarki ta gefen taga. Kin manta biro, kuma ba zan mayar ba."

"Riƙe, Malam La'asar. Zuciyar da ka ɗauka ma ai ban ga ka mayar ba."

A shekarar ƙarshe ya nemi izinin turo manyansa. Baba ya ce atafau bai yarda ba.

"Da bakinki kika ce barcin safe yake so. Na kuma bincika, ya taɓa samun aiki a shagon buga takardu, ya ajiye haka kawai. Malalaci zan ba 'yata? Ga ɗan abokina injiniya yana jira."

Abin ya yi mata ciwo, don bai taɓa faɗa mata zancen aikin ba. Kwana biyu saƙonsa na shigowa tana share shi. Na ƙarshen ya ce: "Hantsi, ko faɗa ne ki yi mini, shirun nan ya fi ƙarfina."

A rana ta uku ta je shagon da kanta.

"Dogon nan mai tabarau?" in ji mai shagon. "Aikin yamma yake yi mini. Makon farko na makaranta ya zo ya ce ya koma rukunin yamma, dole ya bari. Ban so ba. Tun daga nan raba burodi yake yi da sassafe, ya wuce gareji har azahar."

Ashe shekara uku bai san barcin safe ba. Ta fito tana dariya tana hawaye, kunya da so sun cika ta.

Ta koma gida ta zayyana wa Baba. Mama ce ta yi magana daga kan gado, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

"Malam, 'yarka ta yi karatu, ni kuma ban wuni ni kaɗai ba ko sau ɗaya. Wa ya biya wannan?"

Baba ya juya ga 'yarsa. "Ki ce masa ya turo manyansa. Da safe, tunda ashe yana tashi."

Bayan jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aure. Baba da kansa ya kama hannun ango ya ce, "Ka yafe mini, ɗana. Allah ya yi muku albarka." Mama ta amsa da amin daga keken marasa lafiyar da take kai.

A ɗakinsu amarya ta tarar da takardar musanyar nan a cikin firam, da sa hannunsu biyu, ga bironta a gefe.

"Yanzu wane rukuni kike so, Hantsina?"

Ta ɗauki biron ta soke masa a aljihun riga.

"Duk wanda kake ciki. Gobe kuma ka yi barcinka, ni zan tashe ka."