Da Ƙyar Yadin Ya Isa

A wani gari an yi wata mai ɗinki wadda ba ta taɓa cin ƙyallen kowa ba. Ajiyewa kawai take yi a ƙarƙashin gado. Duk wadda ta tambayi ragowar atamfarta, sai ta ce, "Ai da ƙyar ma yadin ya isa."

Da sanyi ya matso, matan unguwa suka haɗu a tsakar gida ɗaya, kowacce za ta harhaɗa ƙyallayenta ta ɗinka bargo. Mai ɗinki ta san hankali shi ne ta kawo kaɗan. Amma a ce wata ta fi ta? Sai ta kwaso buhun gaba ɗaya.

Bargonta kuwa ya fi na kowa kyau, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ta shimfiɗa shi, mata suka yi tsit.

Goggo Tabawa ta ɗora yatsa a kan wani shuɗi. "'Yar nan, wannan ba hannun rigata ba ne? Tun sallah nake yawo gwiwar hannu a waje."

"Kama ce, Goggo."

"To, miƙo almakashi in tafi da mai kamar."

Almakashi ya zaga kowa. Mai ɗinki ta koma gida da zare.