Waƙar Yaya da Rijiyar Tsohuwa

A wani gari can da daɗewa, an yi wata yarinya da yayanta ya ishe ta. Waƙa ya ƙirƙiro yana kwaikwayon addu'ar wata tsohuwa maƙwabciyarsu, don addininta daban ne da nasu. Safe waƙa, yamma waƙa, har yaran unguwa suka ɗauka. Ga shi kuma a rijiyar tsohuwar yarinyar ke ɗebo ruwa kullum. Tsohuwa ba ta hana ta guga ba, amma ta daina ce mata "jikalle", abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Yaya, don Allah ka bari mana!"

"Bakina ne," in ji shi.

Ta kai ƙara wurin mai gari. Ya ce, "Yarinya, a garin nan ba a ɗaure bakin kowa."

Ta dawo tana huci. "Yaya, ka bari!"

"Bakina ne."

Haba! Sai ta dire tulu a gabansa. "To, na gaji da sunkuyar da kai. Yau kai za ka ɗebo, ka rera mata a gabanta."

Ya ɗauki tulu yana dariya, yana waƙarsa har cikin gidan. Tsohuwa ta dube shi, ta miƙa masa guga.

"Ci gaba mana, ɗan nan. Addu'ar da mahaifiyata ta koya mini ce."

Yarinyar na leƙe ta katanga tana jiran sauran waƙar. Ba ta ji komai ba sai faɗawar guga cikin ruwa.