Wanda Ya Je Aiki Ranar Buɗe Farauta

Da safiyar Litinin Madam Lorna Pellerin, mai kula da albashi a ƙaramar hukumar Kettle Bay, ta faɗo ofishin Sufeto Dombek ko ƙwanƙwasa ƙofa babu.

"An yi mana sata, Sufeto. Kuma na san ɓarauniyar."

Sufeto ya ajiye kofinsa. Tun suna firamare ya san Lorna, kuma tun lokacin ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba.

Maganar Wade Huhtala ce, direban motar share ƙanƙara, wanda kuma saje ne a sojan ko-ta-kwana. Tun lokacin zafi aka kira shi aka tura shi Kuwait. Ƙa'ida ita ce hukuma ta riƙa cika masa abin da albashin soja ya gaza, shi ke nan. Sai ga shi masu binciken kuɗi sun gano ana ta biyansa kuɗin ƙarin aiki, kamar yana nan yana tuƙi.

"Mutum yana Kuwait yana share ƙanƙara a Michigan," in ji Sufeto. "Wa ya sa hannu?"

"Na'ura ce ke lissafi. An buga katinsa na shiga aiki, ni kuwa..."

"Wa ya sa hannu, Lorna?"

Ta shanye tambayar. "Matarsa Tessa ce ta cinye. Ranar Juma'a zan fara yankar cikon da ake ba ta har kuɗin hukuma su dawo. In ta yi taurin kai, in rubuta wa kwamandan mijin."

"Da jaririya a hannu, a tsakiyar wannan sanyi?"

"Ba ni na rubuta doka ba."

Haushi ya turnuƙe Sufeto. Ya karɓi takardar ranakun da aka buga katin, ya jawo rigar sanyinsa ya fita.

A gidan Wade ya tarar da Tessa a kicin, jaririya a kafaɗa, idanunta sun yi luhu-luhu. Mahaifinta Roy Salmi, dattijon da ke aikin makanike a garejin hukuma, yana gefe yana shan romo.

"Yallaɓai, ko dala ɗaya ban gani ba," in ji ta. "Ga asusuna, ku duba. Jiya a kanti Lorna ta kira ni ɓarauniya a gaban jama'a."

"Kin faɗa wa Wade?"

"In faɗa masa me? Tankar mai yake ja a hamada. In hankalinsa ya rabu biyu fa?"

"Kuɗin ƙarin aiki ta asusu yake shigowa?"

"A'a. Cek ake ba su a gareji. Kowa da gurbinsa a bango."

Roy ya tsoma burodi a romo. "Ka ji da masu ofis, Sufeto. Su suka yi shirmensu."

A mota Sufeto ya buɗe takardar Lorna yana bin ranakun da yatsa. Ya zo kan wata rana a tsakiyar Nuwamba ya tsaya cak. Ya ja dogon tsaki. Ranar buɗe farautar barewa ce. Wata nawa takardar nan ke kan teburin matar nan, ita da aka haifa a garin nan, amma ba ta gani ba.

A gareji, Gus Rautio shugaban direbobi ya tarbe shi yana goge hannu da tsumma.

"Katin Wade? Yana kulle a durowata tun da ya tafi."

"Buɗe in gani."

Gus ya yi ta lalube. Ga kusoshi, ga tsohuwar safar hannu, ga rabin biskit, kati dai babu. Durowar ma ba ta da makulli.

"To, wataƙila yana jikin bango tare da na kowa," in ji shi yana sosa ƙeya.

"Cek ɗin fa? Wa ke mayar da cek mai sunan wani ya zama kuɗi?"

"Haba Sufeto, kamar ba ɗan gari ba. Mai mashayar bakin gada yana canza wa kowa ranar Juma'a. Ni in kai naka, kai ka kai nawa, ba a tambaya."

"Kai kana ina ranar buɗe farauta?"

Gus ya dube shi kamar ya zage shi. "Ina ina? Inda kake kai ma. Har makaranta rufewa ake yi, limamin coci ma yana daji."

"Wade ya taɓa zuwa aiki a wannan rana?"

Gus ya tuntsire da dariya. "Wade? Ɗaurin aurensa ma sai da ya ɗaga saboda ya faɗo ranar. Ko gari zai nutse a ƙanƙara ba za ka gan shi nan ba."

"To an buga katinsa ranar. Wa kuke bari tsaron gareji?"

Dariyar ta ɗauke. Gus ya sunkuyar da kai yana murza tsumman, har Sufeto ya ƙosa.

"Ba na son faɗi," in ji shi. "Mutum ɗaya ne duk shekara."

Da Sufeto ya koma gidan Tessa, Roy yana gindin murhu da jikarsa a cinya.

"Baba Roy, ina kake ranar buɗe farauta?"

"Daji mana, kamar kowa."

"Da wace bindigar? Ni da hannuna na karɓe lasisinka shekarar da ka harbe saniyar maƙwabcinka ka ce barewa ce. Tun ranar kai ake bari gadi. Kai kaɗai ne a garejin, kuma kati ba ya buga kansa."

Tessa ta juyo daga wurin wanke-wanke, hannunta duk kumfa.

"Baba?"

Roy ya miƙa mata jaririyar. Bai kalle ta ba.

"Don ke na yi," in ji shi. "Yaro yana can yana kasada da ransa, su kuma suna ƙirga masa kwabo-kwabo. Gas ɗin ɗumama gidan nan da na ce miki abokan aikinsa ne suka yi karo-karo, daga ina kike tsammani ya fito?"

"Gas sau nawa?" in ji Sufeto.

"Sau biyu."

"Sauran fa?"

Sufeto ya riga ya ga takardun gidan caca birjik a motar tsohon lokacin da zai shigo, amma so yake ya ji daga bakinsa.

"Na ɗauka zan ninka," in ji Roy a hankali. "In mayar kafin a lura."

Tessa ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa don kada jaririyar ta firgita.

"Jiya kana bayana a kantin nan, Baba. Kana riƙe da kwandona aka ce mini ɓarauniya, ka yi shiru. Muka dawo na zuba maka abinci ka ci."

Roy ya juya ya fuskanci murhu.

Sufeto ya kira Lorna a waya a gabansu. "Kada ki taɓa kuɗin yarinyar nan. Na kama mai laifi."

"Sai ka aiko a rubuce," in ji ta.

Ya kashe wayar kafin ya faɗi abin da zai yi da-na-sani. Bai sa wa tsohon ankwa ba, hannun rigarsa kawai ya riƙe. A bakin ƙofa Roy ya waiwayo.

"Tessa, kawo min hulata. Ana sanyi."

Ta ɗauko hular daga ƙusa, ta miƙa wa Sufeto, ta rufe ƙofar.